Hoto 640 a memori, dare uku ina gyara, 40 kawai na gama: ta ina ake farawa?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa na wannan zaure. Wata huɗu ke nan da na fara riƙe kyamara, yau kuma da kuka na zo. Ranar Asabar aka roƙe ni in ɗauki hotunan wani taron yaye ɗalibai, na dawo da hoto 640. Wani ya taɓa ce min in riƙa ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, na bi maganarsa. A bayan kyamara hotunan sun yi kyau har ina murna, amma da na zuba su a kwamfuta sai na ga duk sun koɗe kamar an yayyafa musu toka. Na sauko da firiset, wato shiryayyen gyaran launi da wani ya haɗa, daga intanet na ɗora, sai fuskoki suka koma ruwan lemo, fararen riguna suka yi shuɗi-shuɗi. Dare uku ina kai, 40 kawai na gama, masu taro kuma sun fara kira. Don Allah wace manhaja ce ta fi, kuma wane firiset kuke amfani da shi?

Mai Tsohuwar Nikon:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, kyamararka lafiyarta ƙalau. Abin da kake gani a bayanta wani ɗan ƙaramin JPEG ne, wato gamammen hoto irin wanda aka saba gani, da ita kanta take haɗawa ta cusa cikin fayil ɗin RAW, bayan ta ƙara masa launi da kaifi yadda kamfaninta ya tsara. Da ka buɗe a wata manhaja, sai ta ture wancan gefe ta nuna maka ɗanyen abin. Shi ya sa wani lokaci hoton zai fito da kyau na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya dusashe a gaban idonka. In launin da ka gani a kyamara kake so, buɗe su da manhajar kamfanin. Canon na da Digital Photo Professional, Nikon na da NX Studio, duk kyauta suke.

Malam Mai Hoto:
Ɗana, kafin mu je ga manhaja, amsa min wannan: su 640 ɗin duka kake niyyar gyarawa? In haka ne, ko wata guda aka ba ka ba za ka fita ba.

Ni tun zamanin fim na fara aikin nan, lokacin da naɗi ɗaya hoto 36 ne. In an wanke, sai a buga su ƙanana-ƙanana a takarda guda, mu sa gilashin ƙara girma, mu zagaye waɗanda suka cancanta da jan fensir. Sauran ba mai taɓa su. Wannan tankaɗe da rairaya har gobe ita ce rabin aikin, kuma ita ce masu koyo suke tsallakewa don suna ɗokin ganin launi.

Ga yadda nake yi. Zagaye na farko da sauri, daƙiƙa biyu ga kowane hoto: wanda ido ya rufe, wanda hannu ya girgiza, wanda fokas ya kauce ya sauka kan bango, duk a sa musu alamar watsi. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom harafin X ne na watsi, P na ɗauka. A wannan zagayen hannunka kada ya taɓa komai na gyara, ko da kuwa zuciyarka na cewa ɗan ƙara wa wannan haske ka gani. Zagaye na biyu sai ka dubi masu kama da juna. Ka ɗauki mutum yana karɓar takardar shaida sau bakwai a jere, to ɗaya za ka zaɓa, wanda hannu ya haɗu da hannu kuma fuska na kallon inda ya dace. In ka gama, zan yi mamaki in abin da ya rage ya kai 150.

Sannan ka raba su bisa hasken da aka ɗauke su a ciki: na cikin zaure, na waje cikin rana, na ƙarƙashin inuwa. Ka gyara ɗaya daga kowane rukuni da natsuwa, ka kwafi gyaran ka liƙa wa sauran 'yan rukuninsa, sannan ka bi su ɗaya-ɗaya kana ɗan taɓawa.

Saurayin Zamani:
Da girmamawa Baba, maganar zaɓe na yarda da ita. Amma ni a ganina wanda ya ce wa yaron nan ya ɗauka a RAW shi ya jefa shi a wahala. Kyamarorin yanzu JPEG ɗinsu ya isa. Ni shekara uku ina ɗaukar taruka a JPEG, in gyara a waya da Snapseed, ba wanda ya taɓa dawo min da aiki. Fayil ɗin RAW cika memori yake yi, ya sa kwamfuta nishi. Mai koyo ya fara koyon ɗauka daidai tukuna.

Mai Tsohuwar Nikon:
Jimlarka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma da ita zan kafa hujja. Mai koyo shi ne ya fi kowa kuskuren haske, shi ne kuma ya fi buƙatar abin da zai cece shi. JPEG bit 8 ne, wato matakai 256 daga baƙi zuwa fari a kowane launi cikin ja da kore da shuɗi. RAW mai bit 12 matakai 4,096 ne, mai bit 14 kuma 16,384. Gwada da kanka: ɗauki hoton da ya yi duhu a JPEG ka ja haskensa sama sosai, ka dubi sararin sama ko bango mai launi ɗaya. Za ka ga ya tsage layi-layi kamar matakala, don babu isassun matakan da za a shimfiɗa. Yi haka a RAW ka ga bambanci. Ga kuma daidaiton fari, wato saitin da ke sa fari ya fito fari a kowane irin haske, wanda a JPEG an riga an toya shi cikin hoton, a RAW kuwa kana iya sauya shi bayan an ɗauka ba tare da asarar komai ba.

Saurayin Zamani:
To ai har kamfanin dillancin labarai na Reuters a 2015 ya ce wa masu aiko masa da hoto JPEG daga kyamara yake so. Su ba ƙwararru ba ne?

Mai Tsohuwar Nikon:
Ƙwararru ne, amma dalilinsu sauri ne da kuma hana wuce gona da iri wajen gyaran hoton labari. Shi Ɗan Koyo ba labari yake aikawa ba. Mafita dai tana cikin kyamarar tasa: ya saita ta ta riƙa ajiye RAW da JPEG tare. Wanda ya fito daidai ya miƙa JPEG ɗin, wanda ya sami matsala ya koma wa RAW.

Uwar Biyu:
Ku yi haƙuri in katse ku, akwai abin da ya riga duk wannan kuma ba wanda ya ambata. Ƙanena, yanzu haka hotunan nan 640 a wurare nawa suke?

Ɗan Koyo:
A kwamfuta ne Yaya. Memorin na goge shi jiya don zan ɗauki wani abu gobe.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka kwafe su zuwa wani faifan ajiya daban. Ba na so abin da ya same ni ya same ka. Shekara ta biyu da fara aikina na ɗauki hoton wata tsohuwa da jikokinta, na zuba a kwamfuta, na goge memori kamar yadda ka yi. Bayan kwana biyar na kunna kwamfutar, sai wata 'yar ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga cikinta, allo ya tsaya baƙi. Faifan ya mutu. Na koma wa memorin da PhotoRec, wata manhaja ta kyauta mai tono abin da aka goge, amma na riga na ɗauki wasu hotuna a kai, sun hau kan na da. Guda 11 na samu, rabinsu an yanke su da wani toka-toka daga tsakiya zuwa ƙasa. Tsohuwar ta rasu bayan 'yan watanni. Har yau in na tuna fuskar ɗiyarta lokacin da nake mata bayani, jikina sanyi yake yi.

Tun daga nan ƙa'idar 3-2-1 nake bi: kwafi uku na kowane aiki, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban da inda kwamfutar take, ko a ma'ajiyar intanet. Ba na goge memori sai na buɗe kwafi biyu na gani da idona. In zan goge kuma, a cikin kyamara nake yin fomat. In kuma ka taɓa goge abu bisa kuskure, cire memorin nan take, kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kai.

Baƙon Zaure:
Allah ya jiƙanta. Ƙari kan maganar Yaya: sunan folda ya fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2025-03-15 taron yaye. Haka za su jera kansu bi da bi. Sannan masu Lightroom Classic su sani katalog ɗinsa ba ya ɗauke da hotunan, adireshinsu kawai ya sani da jerin gyaran da aka yi musu. In ka matsar da folda daga wajen manhajar, alamar tambaya za ka tarar. Katalog ɗin shi ma a riƙa yi masa kwafi.

Ɗan Koyo:
Na gode Yaya, ana kan kwafewa yanzu haka. To Baba, in na zo gyara wannan ɗaya na kowane rukuni, me zan fara taɓawa? Ni duk sandar gyara da na gani a manhajar ja nake yi har hoton ya rikice.

Malam Mai Hoto:
Madalla da wannan tambaya. Ni da miƙe hoto nake farawa: in ya karkace in daidaita shi, in datse gefen da ba shi da amfani, in kunna gyaran lens wanda ke cire lanƙwasa da duhun kusurwa. Daga nan sai daidaiton fari. Hasken rana tsaka wajen 5,500 yake a ma'aunin launin haske na Kelvin, ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa kuma wajen 2,700 zuwa 3,200. Idonmu na gyara wannan da kansa ba mu sani ba, kyamara kuwa sai ta yi ta canki-canka. Nemi wani abu a hoton da ka tabbata fari ne ko ruwan toka, wanda haske bai ƙone shi ba, ka ɗora masa ɗan tsinken zaɓen launi. Sau da yawa daga nan kaɗai za ka ga fuska ta dawo hayyacinta.

Sai yawan haske. A nan kada ka yarda da idonka shi kaɗai, dubi histogiram, wannan ɗan jadawali mai kama da tsauni a saman kusurwa. Hagu duhu ne, dama haske. In tsaunin ya je ya manne da bangon dama ya hau, to akwai wurin da ya ƙone fari fat, ba zare ba ɗinki. Sauke hasken wuraren da suka yi yawa har ka fara ganin saƙar farar riga, ɗaga inuwa kaɗan. Na ce kaɗan, don in ka ɗaga ta da yawa hoton zai zama ba zurfi, kuma ƙura-ƙuran da ke ɓoye a duhu za su fito.

Launi shi ne kusan na ƙarshe, kaifi da rage ƙura-ƙura kuma a ƙarshe, kana kallon hoton a girman kashi 100. In ka gama, tashi ka bar allon minti goma. In ka dawo za ka ga inda ka zarce, don ido na sabawa da duk abin da ya daɗe yana kallo.

'Yar Gidan Hoto:
Ni maganar fuska ruwan lemo ce ta tsaya min a rai, don nan ne na fi jin ciwo. Firiset ba komai ba ne illa gyaran da wani ya yi wa hotonsa, a haskensa, da kyamararsa, a kan fatar wanda ya ɗauka, ya ajiye lambobin. Yawancin waɗanda ake rabawa an gina su a kan farar fata. Ka ɗora wa mai duhun fata, ko ya koma ja kamar an shafa masa jan ƙasa, ko ya yi fari-fari kamar mara lafiya. Matsalar ma ta girmi kwamfuta. Tun shekarun 1950 ɗakunan wanke hoto suna daidaita injinansu da wani kati na Kodak da ake kira katin Shirley, mai hoton mace farar fata, sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban.

Abin da ya fi damuna shi ne yanzu mu da hannunmu muke yi. A ɗauki yarinya baƙa kyakkyawa, a ja hasken launin lemo sama har ta koma wata daban, a murje fuskar har ramukan gashi su ɓace ta zama kamar roba. Wuya da hannu kuma a manta da su, su fito da launinsu na asali.

Saurayin Zamani:
Anti, ai masu hoton ne ke nema. In ban yi ba wani zai yi, kuma shi za a kira gobe. Gyara ai gyara ne, Baba ma da kansa ya ce a ɗaga inuwa.

'Yar Gidan Hoto:
Ɗaga inuwa daban, canza wa mutum fata daban. In mai duhun fata ya sa fararen kaya a rana, kyamara takan bi hasken kayan ta bar fuskar cikin duhu. Nan aikinka ne ka zagaye fuskar ita kaɗai ka ɗaga ta har ta kai yadda idonka ya gan ta a wurin. Ma'aunina ke nan: yadda na ga mutumin a ranar, cikin haske mai kyau. Kuma na sha gwadawa, in ka nuna wa mutum hotonsa da fatarsa ta gaskiya tana sheƙi, an fito da idonsa, da wuya ya ce a mayar da shi fari. Da yawa suna neman a haskaka su ne don sun saba ganin kansu a hotunan da aka ɗauka cikin mugun haske.

Malam Mai Hoto:
Ina bayan 'yata a nan. Mu ma a ɗakin duhu muna kare wani sashe da hannu don kada ya yi duhu, mu ƙara haska wani sashe don ya ƙara duhu, saboda haka gyara ba baƙon abu ba ne. Iyakar da na sa wa kaina ita ce: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji ko zare a kafaɗa, ina cirewa. Abin da mutum ke rayuwa da shi, tawadar Allah ko tabo ko tamoji, ba na taɓawa sai shi ya roƙa. In kuwa hoton labari ne, ko zaren ba a cirewa. A gasar hotunan labarai ta World Press Photo ta 2015 kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen dab da ƙarshe an fitar da su saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida.

Saurayin Zamani:
Na ji, kuma zan gwada nuna musu kafin in taɓa. Amma ban janye maganata kan firiset ba. Wanda ka haɗa da kanka daga hotonka yana rage aiki ƙwarai.

'Yar Gidan Hoto:
Wannan kam ba musu, ni ma ina da nawa guda uku. Sai dai bayan an daidaita fari da haske nake ɗora su.

Baƙon Zaure:
Tambayar manhaja har yanzu ba a amsa masa ba. Photoshop tun 1990 yake, aikinsa hoto ɗaya-ɗaya ne da haɗe-haɗe, ba shi kake buƙata yanzu ba. Lightroom, wanda ya fito a 2007, shi aka yi don tarin hotuna irin naka, amma yanzu biyan wata-wata ake yi. In ba ka shirya ba, darktable da RawTherapee kyauta ne kuma suna buɗe RAW, GIMP kuma na tsaya wa Photoshop a abubuwa da yawa. darktable na da wuyar sabo a makon farko, kada ka karaya. Lightroom da darktable da RawTherapee ba sa taɓa asalin fayil ɗin RAW, gyaran a gefe suke rubuta shi, saboda haka ja duk abin da kake so, kana iya komawa farko. Zaɓi ɗaya ka zauna a kai wata shida.

Uwar Biyu:
In ka zo fitar da hotunan daga manhaja kuma ka kula, nan ma ana zubar da aikin dare uku. Zaɓi tsarin launi na sRGB. In ka fitar a Adobe RGB, wasu wayoyi da manhajoji za su nuna shi a koɗe. Na Facebook, dogon gefe fiksel 2,048 ya isa. Na bugawa a takarda ana lissafin fiksel 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 4 da 6 na son 1,200 da 1,800. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi. Rage hasken allonka ma, don in ya yi yawa za ka riƙa ganin hoto ya yi daidai alhali a takarda duhu zai fito. In da waya ka ɗauka ko kyamara mai GPS, cire bayanin wuri kafin ka watsa, musamman hoton yara.

Ɗan Koyo:
Na dawo da labari. Na yi zaɓen kamar yadda Baba ya ce, 640 sun koma 118. Na cire firiset ɗin daga 40 ɗin nan na sake su daga farko. Rukuni huɗu na samu, daga azahar zuwa isha'i na gama uku, kuma kwafi biyu na nan a ajiye, Yaya. Wata farar riga da na ɗauka ta ƙone, da na sauke hasken sai ga aikin zare a wuyanta ya fito ɓaro-ɓaro, na daɗe ina kallo. Allah ya saka muku da alheri.

Rukuni na huɗu ne ya gagare ni. Mutane na tsaye kusa da taga, hasken waje na dukan su ta dama, fitilar zaure mai ruwan ɗorawa ta hagu. In na gyara ɓangare ɗaya sai ɗayan ya lalace.

Malam Mai Hoto:
Amin ɗana. Wannan haske biyu ne masu launi daban a hoto ɗaya, lamba ɗaya ba za ta gamsar da su duka ba. Dubi wanne ne ya fi faɗa wa fuskokin, ka daidaita fari a kansa. Sannan ka ɗauki burushin gyaran sashe ka shafa ɗaya ɓangaren, ka ɗan sanyaya shi in ɗorawa ta yi yawa, ko ka ɗumama shi in shuɗi ya yi yawa. Kada ka kashe ɗorawar gaba ɗaya, bar kaɗan don a san akwai fitila a wurin. In akwai guda biyu ko uku da suka ƙi, mayar da su baƙi da fari ka gani. Gaba kuma in ka sake shiga irin wannan zauren, roƙi a kashe fitilar, ko ka juyo da mutanen su fuskanci tagar. Ɗora mana ɗaya daga cikinsu a nan in ka gama, ina so in ga ɓangaren hagun.